Gargoyle: dodon saman cocinan Turai, ashe indararo ne

Malam ka tambaya wai waɗancan dodannin dutse da ake gani sun miƙo wuya daga saman tsofaffin cocinan Turai, irin na Notre-Dame da ke Paris, me sunan nasu gargoyle yake nufi, daga ina ya fito, kuma da gaske ne an sa su ne don korar aljanu? Toh amsar a gajarce ita ce indararo ne. Wallahi indararo ne, irin wanda ke saman soron gidan kakanninmu, wanda in an yi ruwan watan Agusta yara ke tuɓe riga su shiga ƙarƙashinsa wanka, mata kuma su jera baho da bokiti. Bambancin kawai shi na Turawan da dutse aka sassaƙa shi, kuma aka yi masa kai da baki da haƙora. Duk shekarun da na yi ina koyar da tarihin gine-gine, ranar da na faɗa wa ɗalibai haka sai ka ga jikinsu ya yi sanyi, don su labarin aljanu suke jira.

Kalmar daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta. A Faransanci gargouille ake rubutawa, a furta kamar "gargui", kuma a tsohon Faransanci ma'anarta maƙogwaro. Shikenan fa, maƙogwaro. Tushenta wancan sautin ne na garg ko gurg, wato ƙarar da ruwa ke yi in yana wucewa ta maƙoshi, kuma zaka same shi birjik a harsunan can. A Latin akwai gurgulio, maƙogwaro. A Sifaniyanci garganta maƙogwaro ne, shi kuma dodon su ce gárgola. Kalmar da Bature ke amfani da ita in ya ɗaga kai yana kurkure maƙoshi da ruwan gishiri, gargle, 'yar gida ɗaya ce da ita. Mutane ne suka ji ƙarar suka kwaikwaye ta da baki har ta zama suna.

Abin da ke birge ni anan, mu ma muna da ita. In Bahaushe ya ce wane yana gargarar mutuwa, wannan gargara ɗin daga Larabci ta zo mana, kuma a Larabcin ma ma'anarta kai-kawon ruwa ko numfashi a maƙogwaro, ai ka san hadisin da ke cewa ana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai ga gargara ba. Amma dan Allah kar ka je ka ce na ce Faransawa daga Larabawa suka samo kalmar, ban faɗa ba. Maƙogwaron ɗan Adam ne iri ɗaya a ko'ina, ƙarar da yake yi ma ɗaya, kowa ya kwaikwayi abin da ya ji. Su Jamusawa ma ba su wahalar da kansu ba, Wasserspeier suke ce masa, wato mai tofar da ruwa.

To me ya kai su ga yin sa? Nan ne ya kamata ka gane ginin kansa. Salon ginin waɗannan cocinan, wanda ake kira Gotik, ya faro ne a kewayen Paris, galibi ana lissafa farkonsa daga cocin Saint-Denis wadda shugabanta Suger ya sake gina ɓangarenta na gabas aka keɓe shi a 1144. Notre-Dame kuma aka fara ta a 1163 zamanin bishop Maurice de Sully. Burinsu gini ya yi tsawo sosai kuma haske ya shigo, don haka suka rage kaurin bango suka huda shi da manya-manyan tagogi na gilashi mai launi, nauyin rufin kuma suka ɗora shi kan bakuna masu tsini a sama, suka tokare bangon daga waje da wasu bakunan dutse da ke tsallakowa kamar hannu. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, ya san yadda ake sa baka ya ɗauki nauyin rufi, dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu duk da mu da ƙasa da azara muka yi tamu. Matsalar ita ce rufin irin waɗannan cocinan faɗi gare shi ga tsayi, ruwan da yake tarawa ba kaɗan ba ne, kuma duwatsun na farar ƙasa ne, kwaɓin da ke tsakaninsu shi ma farar ƙasa ce da yashi, ba siminti irin na yanzu ba. In ka bar ruwa yana bin jikin bango yana sauka, sannu a hankali zai cinye kwaɓin, ya jiƙa tushen ginin. Ga kuma abin da mu ba mu fama dashi, wato ƙanƙara: ruwa ya shige tsagar dutse da rana, dare ya yi ya daskare, in ya daskare kuma girmansa na ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin 100, sai ya buɗa tsagar. Shekara ɗari ana haka dutse zai fara ɓarewa kamar busasshen ƙanzo.

Saboda haka sai suka yi magudana a gefen rufin bayan ɗan bangon da ke kewaye dashi, irin abin da maginanmu ke ce wa rawani, ruwan ya taru a ciki, a wasu wuraren ya gangaro ta wani ɗan kwari da aka sassaƙa a gadon bayan waɗancan bakunan tokara, ya isa ƙarshe inda wani dogon dutse ya miƙo waje. Shi wannan dutsen an fafe bayansa kamar kwami, wani lokaci a shimfiɗa masa dalma, ruwa ya bi ta ciki ya fita ta gaba ya zuba can nesa da bango. Tsawon wuyan dodon da kake gani ba don ya bada tsoro ba ne, iya tsawonsa iya nisan da ruwan zai faɗa. Kuma gindin dutsen yana binne cikin bango ana danne shi da nauyin ginin sama, in ba haka ba da tuni ya rikito kan mutane.

Ni na ga amfanin wannan da idona a wani aiki da na taɓa dubawa. Maigidan ya gyara tsohon soro na gado, ya ce indararo ƙauyanci ne, a cire, a binne fayif na roba cikin bango ruwa ya sauka ba a gani. Tsohon maginin da ke wurin ya yi magana ya yi magana har ya gaji ya yi shiru. Damina biyu aka yi, ganyen darbejiya da sheƙar tsuntsu suka toshe fayif ɗin daga sama, ruwa ya kwanta a rufi, ba wanda ya sani tunda ba a ganin fitarsa balle a lura ya daina fita. Ranar da aka kira ni na sa ɗan yatsa a bangon ɗakin sai ya nutse kamar cikin tuwo, azara biyu sun riga sun ruɓe ta kai. Indararo in ya toshe tun daga tsakar gida zaka gane, ka ga ana ruwa shi bakinsa a bushe. Haka gargoyle yake.

Yanzu maganar ado. Tunda dai dutse ne dogo mai rami yana aman ruwa, masassaƙi bai buƙatar a ce masa ya mayar dashi dabba, siffar da kanta take kira. Kuma ba su suka fara ba. Tsofaffin haikalan Masar irin na Dendera da Edfu suna da indararo mai kan zaki, haikalin Zeus da ke Olympia a Girka shi ma kawunan zakuna na marmara ne ke zubar da ruwansa. Abin da maginan Gotik suka ƙara shi ne yawa da tsawo da ƙirƙira. Eugène Viollet-le-Duc, wanda ya rubuta babban ƙamus na gine-ginen Faransa mai juzu'i 10 tsakanin 1854 da 1868, ya ce a cocin garin Laon aka fara ganinsu wajen 1220, na farkon gajeru ne masu kauri kuma 'yan kaɗan, daga baya aka gane gara a yawaita su a raba ruwan gida-gida, sai suka zama sirara dogaye. Nan fa masassaƙa suka samu filin wasa: kare, akuya, biri, zaki mai fukafuki, mutum ya ja bakinsa da hannu biyu, mashayi rungume da tulu. A babbar cocin Freiburg ta Jamus akwai wanda ya juyo da bayansa waje ya tuɓe, ruwan ba ta baki yake fita ba, ka dai gane. A jikin wurin ibada fa.

Sai tatsuniyar da kusan kowa zai faɗa maka in ka tambayi asalin sunan. Wai a garin Rouen da ke bakin kogin Seine an yi wani dodo mai suna Gargouille, mai dogon wuya da fukafuki, yana cin mutane yana kifar da jirage yana ambaliya. Sai bishop ɗin garin, Romain, wanda ya rayu a ƙarni na 7, ya fita neman sa, ba wanda ya yarda ya raka shi sai wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa, don shi ba abin da zai yi asara. Ya rinjayi dodon da alamar gicciye, ya ɗaura masa ƙyallen wuyansa na limanci suka jawo shi gari aka ƙona, amma kai da wuya suka ƙi cin wuta, sai aka rataye su jikin coci, daga nan wai aka samo gargoyle. Labari ne mai daɗi, irin na Bayajida da macijiyar Kusugu in ka so, amma in ka bi takardu bai tsaya ba. Labarin dodon bai fito a rubuce ba sai ƙarshen ƙarni na 14, sama da shekara 700 bayan mutuwar Romain, lokacin kuwa an daɗe ana kiran indararon da wannan suna. Kaga kenan dodon ne ya ci sunan indararo, ba indararo ne ya ci sunan dodo ba. Kuma akwai dalilin da ya sa labarin ya yi wa malaman cocin Rouen daɗi: suna da wata alfarma ta sakin fursuna ɗaya da aka yanke wa hukuncin kisa duk shekara a ranar bikin hawan Yesu sama, fursunan ya ɗaga akwatin da ke ɗauke da ƙasusuwan Romain a gaban jama'a a sake shi, kuma alƙalan sarki ba son abin suke ba. Tatsuniyar fursuna mai taimakon waliyyi ta zama hujjarsu. Alfarmar ta ci gaba har 1790, juyin juya halin Faransa ya share ta.

Batun korar aljanu kuwa, ni dai ina ɗaukar sa da taka-tsantsan. Ana yawan faɗa, wasu su ce don tsoratar da shaiɗanu ne, wasu su ce wa'azi ne ga talakawan da ba su iya karatu ba, a nuna musu mugunta tana waje tsira tana ciki. Mai yiwuwa wasu mutanen lokacin sun ɗauke su haka. Amma mafi yawansu suna can sama inda daga ƙasa da ƙyar zaka bambance kare da akuya, wane irin wa'azi ne wannan? Kuma rubutun da aka fi sani daga babban malamin coci a kan irin waɗannan siffofi suka ne. Bernard na Clairvaux, wajen 1125, ya yi faɗa sosai kan birai da zakuna da rabin mutum rabin dabba da ake sassaƙawa a gidajen 'yan zuhudu, yana cewa suna ɗauke hankalin masu ibada daga karatu, kuma in ba a ji kunyar shirmen ba ai a ji zafin kuɗin da aka kashe. Shi kan adon ginshiƙai yake magana, tun kafin zamanin gargoyle, amma ya nuna maka ba kowane malami ne ke ganin abin a matsayin kariya ba. A ganina kaso mai yawa na abin raha ce ta ma'aikata da nuna gwaninta, an ba mutum dutse can ƙurya inda ba mai sa masa ido sosai, ya yi abin da ransa ke so.

Yawwa, ga inda kusan kowa ke kuskure, har da masu rubutu a jarida. Hoton nan da ya fi yawo, na wani dodo mai ƙaho da fukafuki ya yi tagumi da hannu biyu ya zaro harshe yana kallon Paris daga saman Notre-Dame, wanda ake kira Le Stryge, ba gargoyle ba ne sam. Ruwa ba ya bi ta cikinsa, zaune kawai yake a kan rawani. Irinsa chimère Faransawa ke cewa, daga sunan wata dabbar tatsuniyar Girka mai kan zaki da jikin akuya da wutsiyar maciji. Kuma ba tsohon abu ba ne yadda ake zato. Bayan littafin marubucin Faransa Victor Hugo na 1831 kan cocin ya tayar da hankalin jama'a game da lalacewarta, aka ba Viollet-le-Duc da abokin aikinsa Jean-Baptiste Lassus aikin gyara, aka yi ta yi daga tsakiyar shekarun 1840 har 1864, su ne suka ƙirƙiro waɗannan dodanni guda 54 suka jera a barandar da ke tsakanin hasumiyoyin biyu. Maginan ƙarni na 13 ba su taɓa ganinsu ba. Har gargoyle na gaskiyar da ke jikin cocin ma da yawansu a wannan gyaran aka sake sassaƙa su, don na asalin sun lalace ko an fasa su a ƙarnonin baya lokacin da aka koma yayin fayif na dalma mai saukowa jikin bango. Kafin gobarar da ta kama cocin ranar 15 ga Afrilu 2019 ma akwai wuraren da gargoyle ya karye aka soka fayif na roba a madadinsa, abin ba kyan gani. An dai sake buɗe cocin a Disamba 2024.

Akwai kalma ta uku da zaka ci karo da ita, grotesque, ita ake amfani da ita ga duk wata siffa mai ban tsoro ko ban dariya da aka sassaƙa don ado kawai. Ita ma asalinta abin dariya ne. Wajen 1480 mutane a birnin Rum suka faɗa cikin wasu ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, suka zaci koguna ne, kogo kuwa da Italiyanci grotta. Ashe fadar sarki Nero ce da ya gina bayan gobarar shekara ta 64, wadda aka binne daga baya. Bangayen cike da zanen ganye da tsuntsaye da mutane masu jikin dabba, masu zane irin su Raphael suka riƙa sauka da igiya suna kwafa, aka kira salon "na kogo", grottesca. Daga baya kalmar ta faɗaɗa ta koma duk abu mai muni ko karkatacciyar siffa.

Shi kansa sunan Gotik zagi ne fa tun farko. Waɗanda suka yi ginin ba su san shi ba, a zamaninsu in an ambace shi a Latin cewa ake aikin Faransawa. Italiyawan ƙarni na 16 ne, musamman Giorgio Vasari a littafinsa na 1550, suka raina salon suka jingina shi ga Goth, ƙabilar da ta washe Rum a 410, wato dai ginin 'yan ta'adi marasa wayewa. Alhali Goth ɗin sun shuɗe da ɗaruruwan shekaru kafin Suger ya sake gina Saint-Denis. Sunan ya manne, zagin ya bi ruwa.

In kana kallon hoto kana so ka bambance, duba abu uku zuwa huɗu: ya miƙo waje a kwance daga bango, yana daidai layin gefen rufi ko ƙarshen bakan tokara, bakinsa a wangame, in hoton daga sama ne kuma zaka ga ramin a bayansa. Sau da yawa ma leɓen ƙasa ya zaizaye ko ya yi baƙi-baƙi da gansakuka saboda ɗaruruwan damina. Wanda ke zaune a tsaye bakinsa a rufe yana zuba ido, wannan ɗan kallo ne. Bature na yau dai ya haɗe su duka yana ce musu gargoyle, har gaggafar ƙarfe da ke saman ginin Chrysler na New York wanda aka gama a 1930, kuma ba zan yi rigima da mai magana a hira ba, amma a jarrabawa na sha rage wa ɗalibi maki a kan haka. In da Hausa zaka rubuta, ni "indararo mai kan dodo" nake cewa, su kuma na zaunen ince "dodon ado".